Rubutun Da Ke Bayan Hoto



A hutun da ya wuce, mu 'yan yankin Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda muka ƙudura mu ɗauki hotunan dattawanmu da tsofaffin wurarenmu tun ba su kuɓuce mana ba. Muka fara da Katuru, garin da Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya rasu a 1842, har ake ce da shi Mai Katuru. Kyamara biyu muka aro. Da muka dawo muka zuba hotunan cikin kwamfuta, sai ga abin kunya: rabinsu suna cewa ran 1 ga Janairu, 2000 aka ɗauke su, alhali kuwa lokacin ba a haifi ko ɗayanmu ba. Sauran kuma suna ɗauke da sunan wani Bature a matsayin mai su, domin kyamarar ta gwanjo ce, agogonta ma yana gaba da namu da awa ɗaya.

Masu hoto na dā sukan buga hatimi da kwanan wata a bayan kati. Kyamarar zamani ma haka take yi, sai dai nata rubutun a ɓoye yake cikin fayil, bisa wani tsari da ake kira EXIF, wanda aka fito da shi a Japan a 1995. Ba ta ƙirƙirar ƙarya, amma abin da aka gaya mata shi take maimaitawa. In ƙaramin batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu, sai ta koma lissafi daga farko.

Wannan gyara bai ba mu wuya ba. Tun da agogon ya ci gaba da tafiya, tazarar da ke tsakanin hotunan daidai take, mafarin ne kurum ya karkace. Muka sami hoto guda da aka ɗauka lokaci ɗaya da na waya, muka auna bambancin, sa'an nan muka tura duka a tashi ɗaya da ExifTool, manhajar kyauta da Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003. Yanzu kafin mu fara aiki sai mun ɗauki hoton agogon waya da kowace kyamara.

Inda muka yi hasara shi ne wajen sunaye. Hotunanmu ɗanyu ne, watau irin da ake kira RAW, wanda yake kamar fim ɗin da ba a wanke ba. Manhajar gyara irin Lightroom ba ta rubutu a jikin ɗanyen hoton Canon ko Nikon. Abin da mutum ya rubuta, sunan dattijo ne ko unguwarsa, cikin kundinta take ajiye shi, sai fa in an umurce ta ta fitar da shi cikin wani ɗan fayil mai rakiya, XMP, wanda dole ya zauna wuri ɗaya da hoton, da suna iri ɗaya. Mu ba mu sani ba. Muka kwashe ɗanyun hotuna kaɗai cikin filashi, kwamfutar ta lalace, sunayen suka tafi da ita. Waɗanda muka aika ta WhatsApp ma ba su cece mu ba, gama yana kankare bayanan in ba a matsayin takarda aka aika hoton ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Waya takan rubuta ainihin inda aka tsaya aka ɗauki hoto. Ga mai tarihi wannan dukiya ce. Amma kowa a nan ya san halin da ƙauyukanmu suka shiga saboda 'yan bindiga, har aka katse layukan waya a Zamfara a 2021. Saboda haka a ganinmu, kwafin ajiya ya riƙe kome, wanda za a ba jama'a kuwa a cire masa wurin kafin ya fita.

Dattawa uku ne har yanzu muke gardama a kan sunayensu, ɗaya kuma Allah ya yi masa rasuwa bayan dawowarmu. Mun wanke hotunan a kati, hutu mai zuwa za mu koma Katuru da su da alƙalami. Duk ɗan yankin da zai iya raka mu, ya same mu bayan an tashi.