MA'AUNIN MALAMI: YAWAN RUBUTU KO NAUYINSA? DARASI DAGA ZOMAYEN OSLO



Gabatarwa

Duk inda aka zauna domin a ƙara wa malamin jami'a girma, tambaya biyu akan fara yi. Ta farko, maƙala nawa ya buga? Ta biyu, sau nawa sauran masana suka ambaci maƙalun nan nasa a cikin rubuce-rubucensu? A kan amsar waɗannan tambayoyi kujerar mutum take, da albashinsa, da kuɗin da za a ba shi ya ci gaba da bincike. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne ko wannan ma'auni yana faɗin gaskiya. Maimakon a tsaya jayayya a sarari, za a ɗauki tarihin malami guda, watau Terje Lomo na ƙasar Norwe, masanin ƙwaƙwalwa, a aza aikinsa bisa sikeli a ga abin da zai nuna.

Matsalar da ta gagari magabata

Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa, kuma inda reshen wata ya kusanci wata, nan ake kira mahaɗa. Ta nan saƙo yake tsallakawa. To, in yaro ya haddace karatu, ko baƙo ya gane hanyar masaukinsa, mene ne ya sāke a cikin kansa? A shekarar 1949 wani masanin halayyar ɗan'adam a Kanada, Donald Hebb, ya kawo shawara cewa idan ƙwaya ta yi ta tayar da maƙwabciyarta a kai a kai, mahaɗar da ke tsakaninsu takan ƙara ƙarfi. Magana ce mai ma'ana, amma hasashe ce, don ba wanda ya gan ta da ido.

Haka nan kuma an sami alamar inda ya kamata a duba. A 1953 aka yi wa wani mai farfaɗiya a Amurka tiyata, aka cire masa yawancin wani sashe mai lanƙwasa da ake kira hifokamfus, dama da hagu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai sake riƙe sabon abu ba. Sai a gaisa da shi yanzu, an jima ya manta ya taɓa ganin mutum. Daga nan masana suka gane lalle wannan sashe yana da hannu a ajiyar tunani.

Abin da Lomo ya gani

An haifi Lomo a 1935. Yana matashin likita ya shiga ɗakin binciken Per Andersen a Jami'ar Oslo. A 1966 yana aiki da zomaye waɗanda aka sa wa maganin barci, yana aika ɗan lantarki ta wata hanyar jijiya mai shiga hifokamfus, yana auna amsar da ƙwayoyin can ciki suke bayarwa. Sai ya lura da wani abu. In ya aika bugu da yawa a jere cikin 'yan daƙiƙoƙi, sa'an nan ya koma aika bugu ɗaya-ɗaya kamar da, amsar takan fi ta farko ƙarfi, kuma ba ta komawa yadda take nan da nan. Watau hanyar ta riƙe alamar abin da ya bi ta kanta, kamar yadda turba take fitowa a jeji in ƙafa ta yawaita binta. A wannan shekara ya bayyana abin a wani taron masana a ƙasar Finlan, aka buga taƙaitaccen bayani. Kusan ba wanda ya waiwaye shi.

A 1968 wani Bature ɗan Ingila, Timothy Bliss, ya zo Oslo daga Landan, suka haɗa hannu. Suka tsananta gwajin, suna barin wata hanyar ba su taɓa ta da bugun jere ba, domin a kwatanta. Cikin zomaye 18, guda 15 sun nuna ƙarin ƙarfin, wanda ya daɗe daga minti 30 har zuwa awa 10. Ga wanda ya san cewa saƙon jijiya ba ya kai ƙiftawar ido, awa goma tamkar shekara ce. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ga shi an ga mahaɗun dabbar da ta riga ta girma suna tanƙwaruwa.

Duk da haka ba su buga cikakken sakamakon ba sai 1973, a mujallar Journal of Physiology. Ɗaya daga cikin dalilan jinkirin shi ne, da suka sake gwadawa daga baya, abin bai riƙa fitowa yadda ya fito da farko ba. Daga ganin farko zuwa bugawa shekara bakwai ke nan. A nan ya kamata ma'aikacin da ke zama a kwamitin ƙarin girma ya tambayi kansa: da takardun wannan mutum sun zo gabansa a 1970, me zai rubuta a kai?

Yadda ambato ya zo

Ko bayan 1973 ma ambaton bai zo da gudu ba. Gwajin yana da wuya a jikin dabba mai rai, masu yin sa kaɗan ne. Sai da aka ƙware wajen yanka hifokamfus falle-falle a raya shi cikin ruwan gishiri, aka nuna a 1975 cewa abin yana faruwa a cikin fallen ma, sa'an nan ɗakunan bincike da dama suka shigo. A 1983 Graham Collingridge da abokan aikinsa suka nuna cewa wata ƙofa a jikin ƙwaya, mai suna NMDA, ita ce mabuɗin al'amarin. Ƙofa ce mai kuba biyu: ba ta buɗewa sai mai aikawa ya saki sinadarinsa, mai karɓa kuma yana a farke a daidai wannan lokaci. In ta buɗe, sinadarin kalsiyam ya shiga, mahaɗar ta ƙarfafa. Wannan kuwa shi ne sharaɗin da Hebb ya yi hasashe. A 1986 Richard Morris da abokansa suka toshe wannan ƙofa a ƙwaƙwalwar ɓeraye, sai ɓerayen suka kasa koyon inda aka ɓoye musu matsaya a cikin kwatarnin ruwa. Daga nan maƙalar 1973 ta zama tushe, aka ambace ta sau dubbai.

Shi kuwa Lomo tuni ya koma wani fage. Ya duƙufa kan dangantakar jijiya da tsoka, inda ya nuna cewa irin motsin da tsoka take samu shi ne yake tsara halinta, har mai jinkiri takan ɗauki halin mai sauri in an sāke mata salon bugu. Bliss ne ya zauna a fagen farko. A 1993 shi da Collingridge suka rubuta sharhi a mujallar Nature, suka tattara abin da aka sani, kuma ambaton wannan sharhi ya zarce na ainihin maƙalar da ta haifi fagen. A 2016 aka ba Bliss da Collingridge da Morris babbar kyautar binciken ƙwaƙwalwa ta ƙasar Denmak, ta Yuro miliyan ɗaya. Sunan wanda ya fara ganin abin bai shiga ba.

Abin da ƙidaya take gani da wanda ba ta gani

Ambaton magabata ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun zaure, inda malami yakan faɗi daga wa ya ɗauko magana. Sabon abu shi ne ƙidaya shi. Eugene Garfield na Amurka ya kawo wannan shawara a 1955, ya fara fitar da kundin ambato na kimiyya a kai a kai daga 1964. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙago ma'aunin da ake kira h: wanda ma'auninsa ya kai 20, yana da maƙala 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20.

Ƙidayar tana da amfani. Ta fi son kai da sanayya adalci, kuma a ƙarshe ta shaida darajar aikin Oslo. Amma tarihin Lomo ya tona raunin ta ta fuska uku. Na farko, tana makara; shaidarta ta zo bayan shekarun da mai bincike ya fi bukatar tallafi. Na biyu, tana fifita sharhi da dabarun aiki bisa sabon gani. Da mujallar Nature ta jera maƙalu 100 mafiya samun ambato a 2014, ta farko ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin, da ambato fiye da 300,000, alhali maƙalar Watson da Crick ta 1953 kan siffar ƙwayar gado ba ta shiga jerin ba. Na uku, ma'aunin h ba ya bambanta tsakanin maƙalar da ta buɗe fage da wadda ta tsaya a bakin ƙofa. Kowacce guda ce a lissafinsa. Irin wannan damuwa ce ta sa wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Faransisko a ƙarshen 2012, suna kira da a auna bincike da abin da ke cikinsa, ba da sunan mujallar da ta buga shi ba.

Kammalawa

Ga ɗalibi, darasin shi ne Lomo da Bliss sun ƙi sakin abin da ba su gamsu da shi ba, kuma shi ya sa aikin ya tsaya fiye da shekara hamsin ana gini a kansa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ga ma'aikacin da aka danƙa wa alƙalamin hukunci, ƙidaya ta zama shaida ɗaya cikin shaidu. Bayan ya duba lambobi, sai ya nemi mai takardun ya fitar da aikinsa biyu ko uku da ya fi tinƙaho da su, a miƙa wa masana fannin su karanta, su faɗi abin da aka sani yau wanda ba a sani ba kafin a rubuta su. Wannan ya fi ƙidaya cin lokaci, amma shi ne kaɗai zai iya gane irin Lomo tun yana 1970.