MATAMBAYI BA YA ƁATA: ABIN KOYI DAGA AIKIN KADARIA AHMED

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a Gashuwa

 



Na san wasu sun zaci farashin riɗi ko na ƙaro zan kawo. A'a, yau a kan sana'ar da ba tawa ba zan yi magana, wato ta masu shirya shirye-shiryen talabijin da masu zaunar da manya su yi musu tambayoyi. Ni ba ɗan boko ba ne, iyakata Islamiyya sai kasuwa, in na yi tuntuɓe a gyara mini.

Zan fara da laifin kaina. Shekarun baya 'yata ta gama sakandare ta ce, "Baba, aikin jarida na talabijin nake so in karanta." Ban bari ta rufe baki ba na ce ba a gidana ba. A lokacin, a wurina duk wanda ya fito a akwatin nan ɗan wasan kwaikwayo ne, don mu da Samanja muka tashi, a talabijin baƙi-da-fari mai batirin mota. Yarinya ta haƙura, ta karanta abin da na zaɓa mata.

Sai a watan Janairun 2019, gab da zaɓe, na zauna kallon NTA a gidan wani maƙwabci. Na ga wata mata ta zaunar da Shugaba Muhammadu Buhari da mataimakinsa Yemi Osinbajo tana yi musu tambayoyi a gaban jama'a. In an kauce wa tambaya sai ta sake maido da ita, ba tsawa ba raini. Bayan mako biyu ta yi wa Atiku Abubakar da Peter Obi haka. Da Turanci ake yi, ɗan maƙwabcin ne ke fassara mana. Na ce wace ce wannan? Aka ce Kadaria Ahmed ce, haihuwar Kano. Jama'a, daren nan ban yi barcin kirki ba.

Daga baya na bi diddigin tarihinta. An haife ta a Kano a 1967, kun ga kusan sa'ata ce. Ta karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero, ta ƙaro ilimin talabijin a Kwalejin Goldsmiths ta Jami'ar Landan. Ta yi shekaru a BBC tana shirya shirye-shiryen Afirka na sashen Turanci, irin su Focus on Africa da Network Africa. Da ta dawo gida ta zama editar jaridar Next a Legas. A watan Maris na 2011 ita ta jagoranci muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa a tashar NN24, inda Buhari da Nuhu Ribadu da Malam Ibrahim Shekarau suka tsaya, shugaban lokacin Goodluck Jonathan bai halarta ba. Ta yi shirin hira mai suna Straight Talk a tashar Channels, ta kafa kamfaninta na Daria Media, wanda da shi da NTA suka haɗa zaman 2019 ɗin nan mai suna The Candidates. A 2020 kuma ta buɗe gidan rediyo na Radio Now a Legas.

Ku lura da abu ɗaya: ta daɗe a bayan fage kafin a san fuskarta. To nan ne na gane cewa sana'a ce irin tamu. Wanda suke kira furodusa shi ne madugun ayari. Shi zai zaɓi maganar da za a tattauna, ya nemo baƙo, ya binciko abin da baƙon ya taɓa faɗa da alkawuran da ya ɗauka, ya nemo kuɗin shiri, ya raba lokaci minti-minti. Mai gabatarwa kuwa tamkar dillali ne tsakanin mai mulki da talaka. Mu mun san dillalin da bai san kaya ba, da wanda mai kaya ya riga ya toshe wa baki. Dukansu biyu asara suke jawo wa mai saye. Hirar awa biyu sai ta ci makonni ana shiri, kamar yadda buhun riɗi ke shan tankaɗe da awo kafin ya hau mota.

Kuma sana'ar tana da ƙaya. Bayan hirar Atiku, magoya bayansa da dama sun ce ta fi matsa masa. A watan Afrilun 2019 ta fito zanga-zanga a Abuja kan kashe-kashen Zamfara, ta soki gwamnati, sai wasu na ɗaya ɓangaren suka juya mata baya. Ban ce ba ta kuskure ba, 'yar Adam ce. Amma a kasuwa mun san mai awon da mai saye ke ƙorafi da shi, mai sayarwa ma na ƙorafi, galibi mudunsa daidai yake.

To ina ruwanmu da wannan? Kakanninmu sun biyo layin dogo da ya iso Nguru daga Kano wajen 1930, don gyaɗa da fatu da ƙiraga. Mutanen Manga da na Bade suka karɓe su hannu bibbiyu, aka yi auratayya. Sai dai mun gaji wata ɗabi'a, wai baƙo ba ya tambaya. Ka biya haraji, ka kaɗa ƙuri'a, ka ja bakinka. Alhali matsalolin nan ba su tambayar asalin kowa. Ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru ta cuci masunci da manomi da mu masu sayen banda. Ciwon ƙoda da ke ɗauke mana mutane a Gashuwa, wa ke cikin ɗakin nan da bai je ta'aziyyarsa ba? Duk ɗan takarar da ya zo, kirari muke yi masa, ya ba da na goro ya wuce. Wa ya taɓa zaunar da shi ya ce, yaushe, da nawa, kuma daga ina kuɗin zai fito?

Kada wani ya ce rashin ladabi ne. Malamanmu kan ba mu labarin Sayyidina Umar, da aka tambaye shi a bainar jama'a yadda aka yi rabonsa na yadi ya ishe shi riga. Bai yi fushi ba, ɗansa Abdullahi ya tashi ya ba da shaida cewa shi ya ba shi nasa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, duk wanda ɗansa ko 'yarsa ke son wannan karatu, kada ya yi irin nawa. Ya sa ido a kan tarbiyya da sutura, amma kada ya rufe ƙofa. Shirye-shiryen Kadaria da Turanci ne, tsohuwar da ke Jajimaji ba ta ji. Muna bukatar masu yin haka da Hausa da Manganci da Badanci. Na biyu, asusun ƙungiya ya riƙa ɗaukar nauyin ko yaro ɗaya a wannan fanni. Na uku, kafin zaɓe mai zuwa mu haɗa kai da masu masaukinmu, da izinin iyayen ƙasa, mu gayyaci 'yan takarar ƙaramar hukuma da na majalisa. A rubuta tambayoyi, a sa mai riƙe agogo, a ɗauka a waya a ajiye, don a tuna musu bayan shekara huɗu.

Ita kuwa 'yata, na je har ɗakinta na nemi afuwa. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai ƙanwata na tafe." Na ce wannan karon ni zan sayi fom ɗin.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Allah ya ba mu shugabanni masu jure tambaya, ya mai da kowa gidansa lafiya.