Na'ura na ganin waya da lamba, ba ta ganin mai laifi: jawabin Sakataren Ƙungiya a taron wata-wata



Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin 'yan kasuwa da na matasa, ina yi muku barka da zuwa. Shugaba ya umarce ni da in yi bayani a kan na'urorin da jami'an tsaro ke aiki da su yanzu a nan Legas, da abin da ya shafe mu a ciki, mu da muke zaman neman abinci nesa da gida.

Da farko, bari mu san abin da ake magana a kai. Na ɗaya, akwai kyamarori a manyan hanyoyi, wasunsu na karanta lambar mota, har a turo wa mai ita saƙon tara a wayarsa. Na biyu, wayar da ke aljihunku kullum tana magana da turakun sadarwa mafi kusa, don haka kamfani ya san unguwar da take. Na uku, kowace waya na da lambarta ta kanta mai alƙaluma 15, ana ce mata IMEI. Ko an canja layi, wannan lambar ba ta canjawa. Kuma tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Ke nan kowane layi yana ɗauke da sunan mutum.

Jama'a, ba mu ƙin wannan aiki. Da shi ake gano motar sata, da shi ake bin sawun masu garkuwa da mutane, kuma mu ma ana yi mana fashi. Amma ku riƙe magana ɗaya: na'ura na nuna waya ne, ko layi, ko lambar mota. Ba ta san wanda ya aikata laifi ba. Sunan da ke jikin takarda shi za a fara nema.

A bara wani ɗan'uwanmu mai shayi ya sayi waya ta hannu a wajen wani da bai sani ba, saboda araha. Ashe ta fashi ce. Da ya sa layinsa, aka bi sawu har teburinsa. Sai da muka yi kwana uku muna zarya kafin a sake shi, don ba shi da rasit, ba shi da shaida. Araha ba ta ado, in ji magabata.

Kada kuma ku ɗauka na'ura ba ta kuskure. A Amurka, a shekarar 2020, 'yan sandan birnin Detroit sun kama wani baƙar fata a ƙofar gidansa, gaban iyalinsa, saboda kwamfuta ta ce fuskarsa ta yi kama da ta wani ɓarawo a hoton kyamara. Daga baya aka gane ba shi ba ne. Idan haka ta faru a can, to mu da ake saurin zargi da zarar an ga shigarmu ko an ji harshenmu, dole mu yi hattara.

Yanzu ga abin da doka ta ba mu. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Sashe na 41 ya ba kowa damar zama a duk inda ya so a Nijeriya, na 42 kuma ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin da ya fito. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani, don haka ba a ɗaukar mata saboda miji, ko ƙane saboda wa. Akwai kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta ba ka damar neman a gyara bayananka idan an rubuta su ba daidai ba.

Ga shawarwarin ƙungiya.

Kada ka yi wa kowa rajistar layi da NIN ɗinka, ko ɗan ɗakinku ne. Iyayenmu mata, ku ma kada ku bayar da naku don kunya. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista.

In za ka sayi waya ta hannu, ka saya a shagon da ka sani, ka karɓi rasit, ka danna *#06# lambar ta fito, a rubuta ta a jikin rasit ɗin.

In ka sayar da mota ko babur ko keke, ka yi takardar canjin mallaka. In ka saya, ka mayar da sunanka. In ba haka ba, tara ko zargi na iya zuwa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

In wayarka ta ɓace, ka toshe layin a ranar, ka kai rahoto caji ofis, ka ajiye takardar.

In an kama ka, kada ka gudu, kada ka yi gardama, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba. Beli kyauta ne. A sanar da ofishin ƙungiya nan take, mu kuma za mu nemi lauya, ko mu kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Wanda bai iya karatu ba kada ya ji nauyi. Ni ma da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ku kawo rasit da takardun abin hawa ranar Lahadi bayan la'asar, mu duba tare.

Allah ya kare mu daga sharrin da ba mu sani ba, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.