Mace da Wasan Judo: Sai An Koyi Faɗuwa Kafin a Koyi Kaye



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni damar tsayawa gabanku. An nemi in yi bayani a kan wasan judo, wanda na fara koyo shekara biyu da suka wuce, ina da shekara 33, da aure da 'ya'ya uku da aikin ofis. Na san 'yan ajinmu suna dariya a zuci, domin sun tuna ni ce kullum ta ƙarshe a gudun safe. To, ai gemu ba ya hana ilimi, balle mu da ba mu da shi.

Dalilin shigata ba wani mai nisa ba ne. Aikinmu na gwamnati zama ne daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, sai fayil da biro. Likita ya auna ni, ya ce jinina ya fara hawa, kuma maganin farko shi ne motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa jiki sau biyu. Da na lissafa, ko rabin haka ba na yi. Wata abokiyar aikina ta kai ni zauren da take atisaye, inda mace ce ke horar da mata zalla. Na shawarci maigidana, ya je ya ga wurin da idonsa, ya amince.

Bari in ɗan taɓa asalin wasan. Wanda ya ƙirƙiro shi wani malamin makaranta ne ɗan ƙasar Japan mai suna Jigoro Kano. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba shi da dangi a Kurmi ko Fagge. A shekarar 1882 ya buɗe makarantarsa, Kodokan, a birnin Tokyo. Mutum ne mai ƙaramin jiki. Ya ɗauko dabarun tsohon faɗan Japanawa da ake kira jujutsu, ya ware masu haɗari, ya tsara sauran yadda mutum biyu za su kama juna da dukkan ƙarfinsu kuma su tashi lafiya. Ma'anar kalmar judo ita ce hanya mai sassauci. A gasa ba naushi, ba shuri. Kama riga ne, da kaye, da dannewa a ƙasa, da riƙon da ke sa abokin karawa ya miƙa wuya.

Mata ba baƙi ba ne a ciki. Kodokan ta buɗe sashen mata a 1926. An yi gasar duniya ta mata ta farko a birnin New York a 1980, kuma a wasannin Olamfik na Barcelona a 1992 mata suka fara karɓar lambobin yabo a judo. Akwai wata ɗalibar Kodokan mai suna Keiko Fukuda, wadda ta fara a 1935, ta ci gaba da koyarwa a Amurka har ta rasu a 2013 tana da shekara 99. A nan gida kuma, a wasan kokawa, wanda ɗan uwan judo ne, Blessing Oborududu ta jihar Bayelsa ta ciyo wa Nijeriya lambar azurfa a Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, tana da shekara 32.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi. A ganina, abin da ke hana mace irina shiga irin wannan wasa shi ne tsoron faɗuwa da kunyar faɗuwa a gaban mutane. A ƙasar Hausa dambe da kokawa na maza ne. Yaro yana tasowa yana kaye ana kayar da shi a dandali, yarinya kuwa tun tana ƙarama ake ce mata ta zauna da kyau kada ta faɗi. Sai mu girma jikinmu bai san ƙasa ba. Shi kuwa judo daga nan yake farawa. Makonnin farko ba wanda zai koya miki kayar da kowa. Faɗuwa za ki yi ta koyo, abin da suke kira ukemi.

Ga yadda ake yi. Za ki kwanta rigingine a kan katifar wasa, ki kafa haɓarki a ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ki riƙa buga katifa da dukkan tsawon hannunki. Bugun nan shi ke raba nauyin faɗuwa, maimakon ya taru a gaɓa ɗaya. Daga kwance sai a koma zaune, sai tsugune, sai tsaye. Bayan faɗuwar baya sai ta gefe, sai mirginawa ta gaba a kan kafaɗa. Babban abin da ake yaƙi da shi shi ne ɗabi'ar tokare ƙasa da tafin hannu, domin ta nan ne wuyan hannu ke karyewa. Duk wadda ta taɓa jinyar tsohuwar da santsi ya kwashe a banɗaki ta san abin da nake nufi. Ko da mace ba za ta taɓa shiga gasa ba, wannan darasi kaɗai ya isa riba. Bahaushe ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, to a judo koyon hakan ake yi da gangan.

Sai jiki ya daina tsoron ƙasa sannan ake shiga kaye. A nan ma dabara ce gaba da ƙarfi. Mutum yana tsaye ne muddin nauyinsa yana kan ƙafafunsa. Idan kika ja shi ko kika tura shi har nauyin ya koma kan diddige ko kan yatsu, ɗan taɗiya kaɗan ya isa. Idan ya turo ki, ki ja. Idan ya ja, ki tura. Ranar da na fara kayar da wadda ta fi ni nauyi da kilo goma sha biyar, ita ce ta tashi tana tafa mini. A gasa kuwa ana haɗa mutane ne bisa nauyi. Mata suna da rukuni bakwai, daga kilo 48 zuwa sama da kilo 78, kuma zagaye minti huɗu ne. Akwai doka ɗaya da ba a wasa da ita: idan riƙo ya yi miki zafi, ki bubbuga abokiyar wasanki ko katifa sau biyu, nan take za ta sake ki.

Na san tambayar da iyayenmu ke son yi ita ce ta sutura. Kayan judo riga ce mai kauri mai dogon hannu, da dogon wando, da ɗamara, kuma mata suna sa farar riga a ciki. Mayafi mai yawo da fil ba su halatta a kan katifa ba, saboda suna iya shaƙe mutum ko su soke shi. Mu hula mai kama kai muke sawa. Ana cire 'yan kunne da zobe da awarwaro, a yanke farce. Mai ciki ba ta yi. Mai hawan jini ko ciwon baya ko na gwiwa sai ta ga likita tukuna. Kafin ki ba da kuɗinki, je ki zauna ki kalli darasi guda. Idan kika ga ana kayar da sababbi tun ba su iya faɗuwa ba, ko ana atisaye a kan siminti, ɗauki jakarki ki tafi.

Game da kare kai, zan gaya muku gaskiya. Judo ba ya maganin bindiga ko wuƙa, kuma ɗamara kowace iri ce ba laya ba ce. Malamarmu kullum tana cewa idan akwai hanyar gudu, a gudu. Abin da yake bayarwa shi ne sabo. Wadda ta saba a cafke ta sau hamsin a dare ɗaya ba ta daskarewa idan wani ya riƙe mata hannu a tasha. Ta san ta murɗa hannunta ta wajen babban yatsan mai riƙon, inda riƙo ya fi rauni, ta ƙwace, ta yi ihu, ta nufi cikin jama'a.

Ni dai sau biyu a mako nake zuwa, awa ɗaya da rabi. Watan farko ko matakalar ofis da ƙyar nake hawa saboda tsamin jiki, daga baya ya wuce. Yau ɗamarata ruwan lemo ce, baƙa tana can nesa, amma sannu ba ta hana zuwa. Jinina ya sauka, barcina ya daidaita, kuma ina iya ɗaukar buhun shinkafa mai kilo 25 daga mota zuwa kicin ba tare da na kira kowa ba.

A ƙarshe ina da roƙo ga ƙungiya. Mun gyara ɗakin karatu, mun haƙa rijiyar burtsatse. Ina ba da shawarar a cikin kuɗin bana a ware wani abu don sayen katifun wasa, a shimfiɗa su a zauren taro, a nemo mace mai horarwa ta hannun ma'aikatar wasanni ta jiha, da iznin Shugabar makaranta da na iyayen yara. A fara da zango ɗaya, da ɗalibai ashirin da suka nuna sha'awa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya ɗauke ni wata uku, yarinya 'yar shekara goma sha uku cikin mako biyu za ta iya shi. Ni na ɗauki nauyin kayan wasa na yara biyar, kuma Ma'ajiya tana nan da littafinta ga duk mai son ƙarawa.

Malamanmu, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Allah ya bar zumunci.