Falle Mai Kauri Milimita Ɗaya: Yadda Kamfani da Jami'a Suka Haɗa Kai a Kan Ƙarfen Gini



Kun ga na hau nan riƙe da gwangwanin lemo, kada wani ya zaci ƙishirwa ce. Babu komai a cikinsa. In aka ajiye shi a tsaye, yaro ya ɗora ƙafa a hankali, zai ɗauke shi. Amma a ɗan taɓa gefensa da yatsa kawai, sai ya murƙushe nan take. Halin siririn ƙarfe ke nan: lotsewa ke kashe shi tun ƙarfinsa bai ƙare ba. A kan wannan hali laccar tawa take.

Ƙarfen gini iri biyu ne. Akwai mai kauri da ake murzawa yana ja zur daga wuta. Akwai kuma falle da ake lanƙwasawa a sanyi, wani kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, a yi ginshiƙan bango da sandunan rufi da shi. A Amurka, a shekarun 1930, masu ƙera wannan na biyun sun shiga tsaka mai wuya. Kaya na hannu, amma dokokin gini ba su san da shi ba, kuma babu injiniyan da zai sa hannu a kan abin da ba shi da lissafi. Sai ƙungiyar kamfanonin ƙarfe ta ƙasar, AISI, ta kai kuka Jami'ar Cornell a 1939, ta ɗauki nauyin bincike. Wanda aikin ya faɗo wa shi ne George Winter, haifaffen Biyana, wanda bai daɗe da sauka Amurka ba.

Abin da gwajinsa ya tabbatar yana da daɗin ji. Siririn falle in ya fara lotsewa a tsakiya, bai mutu ba tukuna. Nauyin sai ya gudu gefe, ya koma kusa da lanƙwasa inda akwai tauri, ya ci gaba da zama. Wani masani, Von Karman, ya riga ya hango haka a 1932. Winter ya yi ta danne sanduna a ɗakin gwaji har ya gyara lissafin ya dace da ƙarfen kasuwa mai 'yan karkace-karkace: a manta da tsakiyar da ta lotse, a ƙirga faɗin da ke aiki kawai. A 1946 AISI ta buga ƙa'idar farko. Shekara bakwai ke nan kamfanoni suna biya, ba su ga takarda ba. Ina so masu masana'antu da ke zaune a gaba su riƙe wannan lamba.

Su kuma riƙe wannan: da sakamako ya fito, ba a kulle shi a akwatin wanda ya biya ba. An mai da shi ƙa'idar kowa, har abokin gasa. Ni a ganina nan ne asirin yake, domin kamfani ɗaya ba ya iya sa jami'in ba da izinin gini ya yarda da shi, amma ƙa'ida tana iyawa. Daga nan aikin ya yi ta canja hannu: Wei-Wen Yu a Jami'ar Missouri da ke Rolla, Gregory Hancock a Sidni, sai Ben Schafer a Johns Hopkins, wanda hanyarsa ta lissafi da kwamfuta ta shiga ƙa'idar Arewacin Amurka a 2004.

Ba na cewa auren kamfani da jami'a ba shi da aibu. Mai biyan kuɗi shi ke zaɓen tambaya, kuma da wuya ya zaɓi wadda za ta tona masa asiri. Shi ya sa kuɗin gwamnati ke da amfani a gefe. Da irin wannan kuɗi, a 2013 aka gina bene mai hawa biyu da irin wannan ƙarfe a kan teburin girgiza na Jami'ar Buffalo, aka sakar masa irin girgizar ƙasar Northridge ta 1994. Ya tsaya. Abin mamakin shi ne allunan lulluɓe bango, waɗanda injiniya ba ya ko sa su a lissafi, sun ƙara masa tauri ƙwarai.

Mu dawo gida. Da an ce ƙarfe sai mu tuna masana'antar Ajaokuta mu yi tsaki, magana ta mutu. Alhali katako ya yi tsada, gara na cin wanda aka samu, kuma rufin gidaje da yawa a Kano da Kaduna yanzu mai walda ne ke haɗa shi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, da ido yake auna tazara. Na taɓa sa ma'auni a kan wani bututu da aka sayar mini, na tarar kaurinsa bai kai abin da aka rubuta a rasit ba. Iskar farkon damina ba ta karanta rasit.

Ga roƙona. Dillalan ƙarfe su haɗa kuɗi su ba sashen injiniyancin gine-gine na wata jami'armu, ko Zariya ko Bayero. A sayo bututun daga kasuwa yadda mai walda ke sayensa, a danne shi har ya lotse, a rubuta wane kauri ke ɗaukar wace tazara. A buga jadawalin a shafi ɗaya, da Hausa, a manna a bangon kowane shagon walda.