Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Shari'a: Shekarun Aloma Mukhtar a Kotun Ɗaukaka Ƙara





'Ya'yanmu da ake yayewa, an ce in yi muku nasiha. To, nasiha kun sha ta shekara biyar a aji, saboda haka labarin mutum ɗaya zan ba ku: Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar.

An haife ta a 1944. Ta yi makaranta a Zariya da Wusasa, sannan ta haye Ingila ta karanta shari'a a lokacin da aurar da yarinya ya fi sa ta a boko sauƙi a wajen jama'armu. Ta zama lauya a can a 1966, aka rantsar da ita a Najeriya a 1967, kuma ita ce mace ta farko daga Arewa da ta sa wannan baƙar riga. Ta fara da lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa, ta yi majistare, ta yi babbar magatakardar kotu a Kano, sai a 1977 ta zama alƙaliyar Babbar Kotun jihar.

Kowa ya san ƙarshen labarin: Kotun Ƙoli a 2005, kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga Yulin 2012 zuwa Nuwamban 2014. Ni inda nake so ku tsaya ku duba shi ne tsakiya, wato daga 1987 zuwa 2005. Shekara kusan goma sha takwas ta yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara, ita ce kuma macen da ta fara hawa wannan kujera.

'Ya'yana, aikin wannan kotu ba na neman suna ba ne. Ba kasafai ake kiran shaidu ba, babu 'yan kallo cike da zaure. Tulin takardu ake ajiye maka: abin da aka faɗa a kotun ƙasa, hukuncin da aka yanke, da hujjojin lauyoyi. Alƙalai uku ne za su zauna, kowa ya karanta, a yi muhawara, sannan ka rubuta dalilinka da sanin cewa Kotun Ƙoli na iya tankaɗe shi gobe. Har ƙararrakin gado da aure da suka fito daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci nan suke biyowa, shi ya sa kada wanda ya karanta fiƙihu a cikinku ya ɗauka an rufe masa wannan ƙofa.

Amfanin waɗancan shekaru ya fito fili a Disamban 2008, ranar da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan zaɓen shugaban ƙasa na 2007. Alƙalai huɗu suka tabbatar da nasarar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Uku suka ce a soke zaɓen, domin takardun ƙuri'a ba su ɗauke da lambobin jeri kamar yadda dokar zaɓe ta shar'anta. Aloma na cikin ukun, tare da Oguntade da Onnoghen. Ba su yi rinjaye ba, kuma mai mulki yana kan kujera. A ganina, mai irin wannan tsayuwa ba ranar ya koye ta ba. Ya daɗe yana bin shafi ɗaya bayan ɗaya babu mai tafa masa.

Daga nan Makarantar Horas da Lauyoyi za ku nufa, wasunku Bagauda, wasu Bwari, wasu Legas. Iyaye, ku ƙara haƙuri, akwai sauran kuɗin makaranta a gaba.

Ina taya ku murna. Allah Ya sa albarka a karatun nan, Ya mai da kowa gidansa lafiya.