Gardamar Malaman Kirista Kan Littattafan Aristotal



Maganata a yau ta shafi wata gardama da ta ta da hankalin malaman Kirista a Turai shekaru fiye da 700 da suka wuce. Shin duniya tana da farko, ko dama can tana nan?

Aristotal, masanin nan na Girka, ya ce duniya ba ta da mafari. Yawancin littattafansa kan halittu sun daɗe ba a san su a yammacin Turai ba, sai a ƙarni na 12 aka shiga fassara su zuwa Latin, wasu daga Larabci a birnin Toledo na Andalus. Daga baya sharhin Ibn Rushdi, wanda ya rasu a 1198, ya biyo. To kun ga inda gizo ke saƙar: Attaura ta ce Allah ya fari sama da ƙasa, ga kuma littafin da ɗalibai ke rububi yana cewa ba haka ba. A 1210 aka hana karantar da su a Paris. Hanin bai yi ƙarko ba, don kuwa a 1255 jami'ar da kanta ta sa su cikin manhaja.

Malamai suka rabu. Bonabentura ya ce hankali kaɗai ya isa ya nuna duniya fararriya ce, kusan hanyar da Imam Gazali ya bi tun kafin nan. Toma Akwinas ya ce a'a, hankali ba zai iya yanke hukunci ba, ta wahayi muka san an fare ta. A ganina matsayin Toma ya fi wuyar riƙewa, domin ya ƙi ƙaƙaba wa imaninsa hujjar da yake ganin ba ta da ƙwari.

A 1277, shekara 3 bayan mutuwar Toma, Bishop na Paris, Etiyen Tamfiye, ya haramta maganganu 219. Har wasu ra'ayoyin Toma abin ya shafa. Cikin abin da aka haramta akwai cewa wai Allah ba zai iya halittar duniyoyi da yawa ba.

Ku lura da nan, jama'a. Bishop ya yi ne don kare ikon Allah, amma sai ya zama an ba masana damar tambaya: idan Aristotal bai isa ya iyakance Allah ba, me zai hana tsarin halitta ya saɓa wa abin da ya faɗa? A 1377 Nikola Oresme ya kawo hujjoji cewa zai yiwu ƙasa ce ke juyawa, ba sama ba, kodayake a ƙarshe ya tsaya kan tsohon ra'ayi. Masana tarihi dai ba su daidaita ba kan girman tasirin haramcin. Shi kuwa Toma, coci ta sa shi cikin waliyyanta a 1323, aka kuma janye abin da ya taɓa shi a 1325.